Mugun da Ba Ya Gaggawa

A gidan kallon unguwarmu, zamanin da ake biya a bakin ƙofa a shiga a matsu kan benci, talabijin ɗaya a kan tebur, janareto na ƙugi a bayan zaure, mutum biyu kaɗai muke nema a kowane fim: akta da bos. Ana farawa, yaron da ya riga kowa kallo zai miƙa yatsa ya ce, "Ga bos ɗin nan." Daga nan sai a gyara zama a jira karon ƙarshe, wanda kowa ya san yadda zai kaya. Bosawan da na gani a wannan zaure ba su ƙirguwa. Akwai mai baƙin tabarau da tsakar dare, akwai mai sanƙo da zobe a kowane yatsa, akwai wanda ke kiwon kada a ƙarƙashin falonsa domin yaran da suka yi masa laifi. Kusan dukkansu sun bi ruwa, ko sunansu ban riƙe ba. 'Yan kaɗan ne suka maƙale, waɗanda har gobe in na tuna su sai tsigar jikina ta tashi. Da na zauna na jera su a raina, sai na tarar ba su suka fi kashe mutane ba, ba kuma su suka fi munin fuska ba. Abin da ya haɗa su shi ne ba sa gaggawa, kuma kowannensu ya ɗauki wani abu da muke sakin jiki da shi a zaman yau da kullum, dariya ko gaisuwa ko karɓar baƙo, ya wasa shi ya zama wuƙa.

Duk mai kallon Indiya a ƙasar Hausa ya san Gabbar Singh na fim ɗin Sholay, wanda Ramesh Sippy ya ba da umarni, ya fito a watan Agusta na 1975. Fim ne na fiye da awa uku, kuma sai da aka ci wajen awa guda kafin a ga fuskar Gabbar. Kafin nan sunansa kawai ke yawo a bakin mutane. Ko da ya bayyana ma, takalminsa aka fara nunawa yana taka duwatsu a hankali. Yaransa uku ya tura ƙauyen Ramgarh su karɓo hatsi, suka dawo hannu rabbana, wasu mutum biyu sun fatattake su. Ga su tsaye cikin rana, kawuna a sunkuye. Da wani bos ɗin ne, da tuni ya daka tsawa ya harbe su an wuce wurin. Gabbar tambaya ya fara yi, sai ka ce malamin lissafi a aji: su nawa ne? Ku fa? Ya ɗaga kai ya tambayi wani yaronsa da ke zaune can saman dutse nawa gwamnati ta sa a kansa, aka ce dubu hamsin. Ya karɓi libarba mai harsashi shida, ya ce ai wannan rashin adalci ne, harsashi shida ga mutum uku. Sai ya harba uku a iska, ya murza gidan harsashin, ya ce yanzu ko shi bai san inda ragowar suke ba. Ya ɗora bakin bindiga a kan na farko ya ja kunama. Ƙas, ba komai. Na biyu, ƙas. Na ukun, Kaalia, bakinsa na rawa ya tuna masa cewa ya ci gishirinsa, wato ya yi masa barantaka da amana. Gabbar ya ce to yanzu sai ya ci harsashi. Ƙas. Duk ukun sun tsira.

Sai Gabbar ya soma dariya, ƙasa-ƙasa da farko, sannan ta ƙaru. 'Yan fashin da ke kan duwatsu suka kama, su ma mutum ukun nan da cikinsu ya ɗuri ruwa suka fara yaƙe, suka saki jiki, suka shiga ƙyaƙyatawa. A zaurenmu ma dariyar ake, ni da ke bencin baya har da buga ƙafa. Ana tsaka da haka ya juyo ya harbe su ɗaya bayan ɗaya. Zauren ya yi tsit, sai ƙugin janareto.

Lissafin a fili yake ga wanda ya natsu: gurabe uku na wofi sun wuce, duk abin da ya rage a bindigar cike yake. Ba wanda ya natsu, domin ya miƙo mana dariya mun karɓa. Waɗanda aka kashe ɗin 'yan fashi ne, ba mai zubar musu da hawaye. Abin da ya kaɗa mana hanta shi ne yadda aka yaudare mu tare da su. Dariya a wurin ɗan Adam alama ce ta fushi ya sauka. Yaron da ya yi laifi, in ya ga uba ya murmusa, ya san bulala ta faɗi. Gabbar ya san wannan, da shi ya yi farauta. Daga wannan fitowa har ƙarshen fim, duk sanda ya washe baki gabanka ne ke faɗuwa.

Abin mamaki, Amjad Khan ba shi aka fara ba rol ɗin ba. Danny Denzongpa aka ɗauka, aikin wani fim a Afganistan ya riƙe shi. Ana ma ba da labarin cewa wasu daga cikin masu aikin sun yi ta ƙorafin muryar sabon yaron ta yi siriri, ba ta dace da shugaban 'yan fashi ba. Da an bi tasu an sa masa murya mai kauri irin ta kowa, da Gabbar ya shiga sahun masu baƙin tabarau. Wannan muryar mai hawa da sauka, kamar mai yi wa yaro wasa, ita ce rabin abin.

Alfred Hitchcock, daraktan nan ɗan Ingila, ya yi bayanin sirrin a doguwar hirar da François Truffaut ya yi da shi a 1962. Ya ce a ɗauka mutum biyu na hira a tebur, kwatsam bam ya tashi. Mai kallo zai firgita na daƙiƙa goma sha biyar, shi ke nan. Amma in an nuna masa tun farko an dasa bam a ƙarƙashin teburin, ga agogo yana gani, to hirar banzar da suke yi ta zama minti goma sha biyar na zullumi. Shi ne kuma ya ce gwargwadon nasarar mugu, gwargwadon nasarar fim. Mugun da ya amsa sunansa shi ne bam ɗin, sai dai ba a ƙarƙashin tebur yake ba, kujera ya ja ya zauna ana hirar da shi.

Ban san inda aka nuna haka fiye da buɗewar Inglourious Basterds na Quentin Tarantino ba, fim ɗin 2009. Ƙauye ne a Faransa a 1941, Jamus ta mamaye ƙasar. Wani manomi mai shanun tatsa yana sara a ƙofar gida, ya hango mota da babura tafe. Kanar Hans Landa, wanda Christoph Waltz ya fito a matsayinsa, ya sauko da fara'a, ya miƙa hannu, ya nemi izinin shiga. Ya yaba kyawun 'yan matan gidan uku. Aka yi masa tayin giya, ya ce a'a, tunda gidan masu shanu ya zo, madara zai sha. Ya shanye kofi guda a gabansu, ya yaba wa manomin da shanunsa. Sannan ya ba da haƙuri ya ce Faransancinsa ya ƙare, ko za a yi masa alfarma a koma Ingilishi. Ya buɗe jaka, ya fito da takardu da alƙalami da tawada, komai a tsanake, kamar ma'aikacin ƙidaya. Manomi ya nemi izinin kunna lofensa, Landa ya ce ai gidanka ne, ka sake. Ana cikin hira kyamara ta bi ƙafar manomin ta gangara ƙarƙashin daɓen katako, sai ga iyalin Yahudawa kwance sun toshe bakinsu. Daga nan duk kalmar da ta fito daga bakin Landa nauyi gare ta. Can shi ma ya nemi izini ya zaro wani ƙaton lofe mai ban dariya, ya kunna, sai fara'ar ta ɗauke daga fuskarsa kamar an kashe fitila. Manomi na hawaye ya nuna masa wurin da yatsa. Sai a lokacin ka gane dalilin sauya harshe: waɗanda ke ƙasa ba sa jin Ingilishi. Ya koma Faransanci yana sallama da babbar murya kamar zai tafi, yana yafito sojojinsa da hannu.

Kusan minti ashirin ke nan, mafi yawansa mutum biyu ne a tebur da kofin madara. Bahaushe zai ji zafin wannan fitowa har ƙashi, domin mu ma baƙo in ya yi sallama ruwa ake fara kawo masa kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi, kuma mun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Landa bai karya ƙa'idar baƙunta ko ɗaya ba. Da ladabin maigida ya ɗaure maigida, a cikin gidansa, a kan teburinsa. Ta ina za ka kori mutumin da bai ce maka komai ba sai godiya?

Kakanninmu mata sun san wannan tun kafin a ƙera kyamara. A tatsuniya, Kura ce mai ƙarfi, mai hargowa, mai zarar ido, kuma ita ce abar dariya, kullum Gizo na yi mata wayo. Ba yaron da Kura ta taɓa hana barci. Wadda ke sa a matso kusa da kaka ita ce ta yarinyar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, dodo ya ji labari ya rikiɗe ya zo a kyakkyawan saurayi, jiki sumul, ga ladabi ga kyauta, aka ɗaura aure aka rako ta da guɗa. Tsoron yana cikin tafiyar nan da suke yi su biyu, gari na nisa, daji na matsowa, ita ba ta sani ba mu mun sani. Yawancin bosawan da na manta Kuraye ne. Landa angon nan ne.

Anton Chigurh na No Country for Old Men, fim ɗin 'yan'uwan nan Joel da Ethan Coen na 2007, ko fara'ar ma bai damu da ita ba, amma hanyar ɗaya ce. Ya tsaya a wani gidan mai a hamadar Texas, dattijon mai kanti ya ga lambar motarsa ta Dallas, ya tambaye shi ko ana ruwa a can. Tambayar da kowane mai shago ke yi ce, irin namu na "ya hanya?" A kan wannan kaɗai Chigurh ya yanke cewa mutumin ya lura da abin da bai kamata ba. Ya tsaya yana tauna 'yar gyaɗarsa, yana mayar wa dattijon kowace magana da tambaya, har bawan Allah ya rasa ta cewa ya fara zancen zai rufe kanti. Sai ya cilla kwabo sama ya dafe, ya ce ya faɗi fuskar da ta hau. Dattijo ya ce bai san a kan me ake cacar ba. Aka ce masa a kan komai. Kwabon na 1958 ne, labarin kuma a 1980 yake faruwa, Chigurh ya ce shekara 22 ke nan yana tafiya domin ya iso nan. Dattijon ya canka daidai, aka bar masa kwabon, aka gargaɗe shi kada ya haɗa shi da sauran canji a aljihu. Ba a zubar da jini ba, ba a ɗaga murya ba, ba kiɗa, fim ɗin gaba ɗaya ma kusan ba kiɗa a cikinsa. Javier Bardem ya karɓi Oscar da wannan rol.

Wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu 'yan Beljiyam, Samuel Leistedt da Paul Linkowski, sun bi finafinai 400 suka tace mugaye 126, domin su ga waɗanne suka yi kama da marasa imanin da suke gani a wurin aiki. Chigurh na cikin waɗanda suka fi kama da na gaske: ba nadama, ba jin komai, kisa a wurinsa aiki ne, shi ya sa ma makaminsa abin harbe shanu ne na mayanka. Wanda suka ce ya yi nisa da gaskiya kuwa shi ne Hannibal Lecter na The Silence of the Lambs, fim ɗin 1991, mutumin da Cibiyar Finafinai ta Amurka ta ɗora a kan gaba cikin jerin mugayen fim da ta fitar a 2003. To ka ga kama da gaskiya ba ita ce ma'auni ba. Lecter almara ne: likita, masanin zane da kiɗa da girki, kuma mai cin naman mutane. Duk fitowar Anthony Hopkins a fim ɗin mai kusan awa biyu ba ta kai rabin awa ba, amma ya tafi da Oscar na babban jarumi. Abin da ya yi kaɗan ne. Clarice Starling, matashiyar jami'ar bincike da aka turo wurinsa, ta bi dogon lungun kurkuku, ta wuce mahaukata masu ihu da zagi, ta iso ɗakin ƙarshe ta tarar da mutum tsaye cak a tsakiyar ɗaki, kaya tsaf, yana jiranta, ya gaishe ta da ladabi. Ya shaƙi iska ta ramukan gilashin ya gaya mata irin man da take shafawa. Darakta Jonathan Demme ya sa shi ya riƙa kallon cikin kyamara kai tsaye, don haka kai da ke kallo kai ake karantawa. Yana kulle, ita ke da 'yanci, amma shi ke tambaya ita ke amsawa.

Akwai kuma abin da ba a nunawa. A 1975 ɗin nan dai Steven Spielberg ya fitar da Jaws, labarin wani ƙaton kifi mai cin mutane, kifin roban da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, dole ta sa ya ɓoye shi a mafi yawan fim ɗin, ya bar mu da saman ruwa da sauti biyu na John Williams. Matsalar inji ta zame masa gobarar Titi. Sholay ma ya san wannan dabara. Ranar da Gabbar ya karkashe iyalin Thakur, ɗan sandan da ya taɓa kama shi, ya rage ƙaramin jika tsaye yana kallonsa a kan doki. Ya saita bindiga, sai aka yanke zuwa jirgin ƙasa yana huci a tasha. Haka da yaransa suka kamo Ahmed, ɗan limamin ƙauyen: Gabbar na kishingiɗe, ya murƙushe wani ƙwaro a hannunsa, aka yanke. Abin da aka gani bayan nan doki ne ya shigo gari da gawa a bayansa, mutane sun taru ba mai magana, liman makaho ya laluba ya fito yana tambayar me ya kawo wannan shiru haka. Gabbar ba ya wurin, amma ban san wata fitowa da ya cika kamar wannan ba. Girman mugu a fuskar sauran mutane ake auna shi. A ƙarshen fim ɗin su Coen ma ba a nuna abin da ya faru da wata mata da ita ma aka cilla wa kwabo ta ƙi canka ba, an dai ga Chigurh ya fito ƙofar gida ya ɗaga ƙafa yana duba ƙasan takalminsa.

Yawan bayani ma na kashe mugu. Da zarar an kai mu yarintarsa an nuna mana wanda ya mare shi, an ba mu mabuɗinsa, abin da ke da mabuɗi kuwa ana iya rufe shi a ajiye. Joker ɗin Heath Ledger a The Dark Knight na 2008 ya yi wa wannan al'ada ba'a: sau biyu yana ba da labarin yadda aka tsaga masa baki, kowanne daban, har ka gane ba gaskiya a ko ɗaya. Ba na musun cewa mugu mai hujja yana zama a rai. Killmonger na Black Panther ya zauna, mutane sun yi ta gardama ko shi ke da gaskiya. Amma wannan tausayi ne da jayayya, ba ya sa ka waiwaya in kana tafiya a lungu da dare.

Wanda ya fi damuna ni dai shi ne mugun da ke da hurumi a kanka, wanda doka ko al'ada ta miƙa masa kai. Nas Ratched ta One Flew Over the Cuckoo's Nest, shi ma na 1975, ba ta da bindiga. Farar riga gare ta, da murya mai sanyi, da jadawalin shan magani. Wani saurayi mai in'ina a asibitin masu taɓin hankali da take aiki ya samu kansa na dare ɗaya, har bakinsa ya sake yana magana tiryan-tiryan. Ta dube shi a natse ta ce abin da ke damunta shi ne yadda mahaifiyarsa za ta ji, ga shi kuwa ƙawarta ce. Nan take in'inar ta dawo, kafin a jima ya kashe kansa. Ko a kotu aka karanta abin da ta faɗa, ba za a sami laifi a ciki ba. Amon Göth na Schindler's List, wanda Ralph Fiennes ya fito a 1993, mutum ne na gaske, kwamandan sansanin fursunonin 'yan Nazi na Płaszów da aka rataye a Polan a 1946. A fim ɗin ya tashi da safe ba riga, taba a baki, ya fito baranda ya harbi fursunoni biyu kamar mai miƙa bayan barci, ya koma ciki. Da aka ba shi shawara cewa ikon gaske shi ne yafiya, ya gwada ta na ɗan lokaci kamar mai gwada hula a madubi, ya yafe wa yaron da ya kasa wanke masa baho, yaron bai yi nisa ba ya harbe shi. Idi Amin ɗin Forest Whitaker a The Last King of Scotland na 2006 kuwa raha gare shi da kyauta, ya rungume ka ya ce kai ɗansa ne, kana cikin jin daɗi ido ɗaya ya canza. Wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin maigidan da ba a san da ƙafar da zai tashi ba ya san wannan zama, ko da ba a Yuganda ba ne tsakanin 1971 da 1979.

A nan ne nake ganin Kannywood na zaune a kan arziki ba ta tona ba. Muna da masu fitowa a 'yan daba da suka iya aikinsu, Shu'aibu Lawan Kumurci sunansa kaɗai ya isa. Amma mugun da ya fi kusa da jijiyar mai kallonmu a tsakar gida yake: kishiyar uwa, uwar miji, kawun da ke riƙe da gadon marayu. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, Daso, wadda ta rasu a watan Afrilun 2024, da irin wannan rol ta yi suna, kamar yadda Patience Ozokwor ta yi a Kudu. Ɗan fashi kana iya guje masa, ka sauya hanya, ka kira 'yan sintiri. Wadda daga tukunyarta za ka ci tuwon dare, kuma dole ka durƙusa ka gaishe ta da safe, ina za ka? Abin takaicin shi ne marubutanmu ba sa yarda da mai kallo. Muguwa na shigowa za a saki kiɗan tashin hankali. Za ta zauna ita kaɗai a ɗaki ta faɗi duk shirinta da ƙarfi, tana cije leɓe. Fitowa ta gaba tana gaban boka, jan ƙyalle da ƙwarya da dariyar aljanu. Kafin minti goma ta zama Kura. A ba ni fitowa ɗaya tak: maigida na zaune, matar uba ta ajiye wa maraya kwano a gabansa, ta shafa kansa ta ce, "Ci mana, ɗana, ka ga yadda ka rame," uban ya yi murmushin jin daɗi, yaron ya kasa kai hannu. Kada a sa kiɗa, kada a nuna boka. A bar kyamara a kan hannun yaron.

Masu fassarar finafinan Indiya ma, duk da nishaɗin da suke ba mu, suna da nasu laifin. Ba sa ƙaunar shiru. Inda darakta ya bar bos ya yi daƙiƙa biyar yana kallon mutum, sai a cusa masa kirari ko baƙar magana. Za a yi dariya, yara su haddace su yi ta maimaitawa a layi, amma tsoron ya tsiyaye.

Sai batun ƙarshen labari. Mugun fim ɗinmu hanyoyinsa sanannu ne: ya haukace, ya makance, 'yan sanda su zo, ko ya faɗi yana kuka yana neman gafara saura minti biyar a tashi. Na san dalili. Jihar Kano na da hukumar tace finafinai tun 2001, 'yan fim kuma kullum suna kare kansu da cewa faɗakarwa suke yi, ga mai kallo da ke son ya ga ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Ba na faɗa da hukunci. Tubar gaggawa ce ke ba ni haushi, wadda ba abin da ya haife ta sai ƙarewar lokaci, domin tana komawa baya ta gaya maka mutumin da ka ji tsoro tun farko ba shi da tushe. Sholay ma bai tsira daga almakashin hukuma ba. A ƙarshen da aka fara ɗauka, Thakur, wanda Gabbar ya sare wa hannuwa biyu, shi ya kashe shi da takalmi mai ƙusoshi. Lokacin dokar ta-ɓacin Indira Gandhi ne, masu tacewa suka ce tsohon ɗan sanda ba zai ɗauki doka a hannunsa ba, aka sake ɗauka 'yan sanda suka iso suka tafi da shi. An kama Gabbar, amma ba a sa shi ya ce ya tuba ba.

Abin da ya biyo baya ko marubutan fim ɗin, Salim Khan da Javed Akhtar, ban jin sun hango shi. Aka fitar da faifan maganganun fim ɗin zalla, mutane suka yi ta saye suna haddace na Gabbar. Kamfanin Britannia ya ɗauko Amjad Khan da kakinsa da ɗamarar harsashinsa ya sa shi tallar biskit. Mutumin da a cikin fim yake alfahari cewa uwaye a ƙauyuka masu nisa da sunansa suke tsorata yaro ya yi barci, shi ne ya koma yi wa yara tayin abin taɓawa. Amjad Khan ya rasu a 1992 yana da shekara 51, bayan ya fito a finafinai sama da ɗari, har da na barkwanci da waɗanda ya fito a mutumin kirki. A zaurenmu dai, duk fim ɗin da ya leƙo, ko limami ya fito, yaron nan mai miƙa yatsa cewa yake, "Ga Gabbar nan."